Yadda ake rage kuskuren matakan toka a gilashin LCD

Gilashin LCD yana iya nuna baƙi tsaf, ya nuna fari tsaf, amma abin da ke tsakaninsu ya lalace. Ka sa masa hoton mutum, fuska ta fito dabbare-dabbare. Ka zana matakai 16 daga baƙi zuwa fari, uku na farko su haɗe su zama ɗaya, na tsakiya su yi tsalle. Ko ka yi baƙin rubutu a sama, inuwarsa ta zubo har ƙasan gilashin. Masu gyaran tele da waya a nan Damagaram sun san wannan ciwo, haka ma ɗaliban da ke haɗa ƙananan na'urori da Arduino, ƙaramin katin nan da ake rubuta wa furogiram, irin na'urorin auna cajin batirin sola ko sikeli. Abin da aka fi yi shi ne a murɗa kontaras har ido ya gamsu, a rufe, a miƙa wa mai kaya. Ba a jimawa sai ya dawo da shi.

Aikin yana da jeri, kuma jerin nan shi ne rabin gyaran: a fara da zafi, a bi da wutar da ke shiga, sannan tsanin rabon wuta, sannan juyin wuta da lokaci. Gyaran lambobi a cikin furogiram shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da lambobi ya rufe laifin kati da lissafi ne kawai, kuma da yanayi ya juya laifin zai sake fitowa.

Abin da ruwan cikin gilashi yake ji

Tsakanin gilasai biyu akwai wani ruwa siriri, kaurinsa ƴan maikromita ne, ƙwayoyinsa suna juyawa idan wuta ta ratsa su. Ruwan nan yana da nauyin jiki, ba ya bin kowane bugun wuta ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake ji shi ne matsakaicin ƙarfin wutar bayan an ninka kowane ƙarfi da kansa, sannan a cire tushen matsakaicin (lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi), wato abin da ake rubutawa RMS a jikin multimita. Dutsen guga na lantarki haka yake, ba ruwansa da wuta ta tafi gaba ko ta dawo baya, zafin da ya tara shi ne magana. Don haka duk abin da ya taɓa siffar wutar, ko na ƙiftawar ido ne, ya taɓa launin tokar.

Gilasan da ke zuwa hannunmu iri biyu ne. Akwai wanda ɗigonsa, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto, ba shi da taransista, irin STN, kamar na tsohuwar Nokia 3310 da ƙananan nan masu ɗigo 128 sau 64 da ke jikin injin sola da fotokopi. A cikinsa ana zaɓar layukan kwance ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ɗigo yana shan wutar da aka aiko wa duk ɗigon da ke layin tsaye guda da shi. Akwai kuma TFT na tele da kwamfuta da wayoyin yanzu, inda kowane ɗigo ke da taransistarsa tana riƙe masa wutarsa. Zan fi daɗewa a kan na farko, don a nan ne ƙofa ta fi ƙunci.

A 1974 wasu injiniyoyi biyu na IBM, Paul Alt da Peter Pleshko, suka nuna cewa a irin wannan gilashi akwai iyakar da ba a ƙetarawa tsakanin wutar ɗigon da aka kunna da ta wanda aka kashe. Ga lissafin da layuka 64. Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 64, wato 8. Ƙara mata ɗaya ka sami 9, rage mata ɗaya ka sami 7. Raba 9 da 7, ka sake cire tushen abin da ya fito, za ka sami 1.134. Ma'ana, idan ɗigon da aka kashe yana ganin bolt 2.00, wanda aka kunna ba zai taɓa ganin sama da 2.27 ba. A cikin wannan milibolt 270 ne za ka cusa matakai 16, kowane mataki ya tashi da kamar milibolt 18. Idan layukan 240 ne, rabon ya koma 1.067, mataki guda kuma ya koma kamar milibolt 9.

Yanzu duba: kuskuren kashi 1 cikin 100 a wutar gilashi milibolt 20 ne. Mataki guda ke nan cif a gilashi mai layi 64, matakai biyu a mai layi 240. Ka riƙe wannan lamba a ka, duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Kayan aiki, da kiyaye kai

Kana buƙatar multimita, tamomita, alkol isofurofil, rezistans masu kuskuren kashi 1 cikin 100, da abin auna haske. BH1750 da ake haɗawa da Arduino ya isa. BPW34 ya fi shi sauri, shi ne na kama rawar gilashi idan kana da osiloskop. LDR, rezistans ɗin nan mai canzawa da haske, ba ta dace da wannan aiki ba, tana da jinkiri kuma ba ta bin haske daidai-wa-daida. Sa abin awon a cikin guntun baƙin bututu, ka jingina bakinsa a gilashin don hasken shago kada ya shiga.

Multimita mai arha, in ka juya ta zuwa AC, tana ɗauka cewa wutar mai siffar ta kuran ce, ta yi lissafinta a kan haka. Wutar layukan LCD kuwa matakala-matakala ce, don haka lambar da za ta ba ka ba gaskiya ba ce. Ka yi amfani da ita wajen auna wutar DC ta tsani kawai.

A tele, babbar kondansatar katin wuta tana riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya daga bango, kuma tsofaffin fitilun baya masu bututu suna aiki da ɗaruruwan bolt. Lokacin hunturu iska ta bushe, wutar da jiki ke tarawa daga riga ko kujerar roba tana iya kashe aisi (IC, ƙaramin baƙin ɓangaren nan mai ƙafafu da yawa a kan kati) nan take, sai ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa kati. Siraran ledojin nan da ke manne a bakin gilashin tele kuwa kada ka ja su, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Mataki na farko: hotunan gwaji

Shirya hotuna huɗu. Tsani mai matakai daga baƙi zuwa fari. Toka ta tsakiya da ta cika gilashi duka. Baƙin akwati a tsakiyar toka, don ganin inuwa sama da ƙasa, hagu da dama. Sai kuma dara, ɗigo baƙi ɗigo fari, wanda shi ya fi wahalar da wuta. Auna hasken kowane mataki ka rubuta a takarda tare da zafin ɗakin, tun kafin ka taɓa komai. Ido yana sabawa da abu cikin ƴan mintoci, shi ya sa ba a dogara da shi kaɗai.

Mataki na biyu: zafi

Wannan shi ne namu na musamman. Yawancin alƙaluman da ke cikin takardar bayanin gilashi a digiri 25 aka auna su. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu rana tana wuce digiri 40 a inuwa, a Janairu da asuba a sauka wajen 15, kuma akwatin ƙarfen da aka kafa kusa da farantin sola ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Da zafi ya hau, wutar da ruwan ke buƙata kafin ya fara juyawa tana raguwa. Shi ya sa gilashin da ka daidaita da sanyin safiya yake yin duhu da azahar, har ɗigon da aka kashe su fara bayyana. Wanda ka daidaita da azahar kuma ya koɗe da asuba.

Masu ƙera aisi sun san da haka. PCD8544 na gilashin Nokia yana da zaɓi huɗu na yadda zai rage wuta idan zafi ya hau, daga TC0 zuwa TC3, kuma furogiram da yawa da ake kwafowa daga intanet suna barin sa a inda suka same shi. ST7565 kuwa nasa a kafe yake, yana rage kashi 0.05 cikin 100 a kowane digiri, amma ya ba ka matakai 64 na daidaita wutar gilashi ta furogiram.

Yadda za ka yi: bar na'urar a kunne kamar rabin awa, musamman in tana da fitilar baya. Sa hoton toka ta tsakiya. Auna haskensa da asuba da kowane zaɓi, kana daidaita wutar har ta ba da haske ɗaya, ka rubuta lambobin. Da azahar ka sake bin zaɓin ɗaya bayan ɗaya da waɗancan lambobi, ba tare da ka canza su ba. Zaɓin da ya ba da mafi ƙarancin bambanci tsakanin safe da rana shi ne naka. Idan babu wanda ya gamsar, liƙa tamista, rezistans mai canzawa da zafi, ta kilo-om 10 a gefen gilashin, Arduino ya riƙa karanta ta yana ƙara ko rage lambar wuta da kansa. Awo uku a zafi uku sun isa ka ja layi tsakaninsu.

Kada ka hura wa gilashi iskar injin cire aisi don ka gaggauta gwaji. Ledar da ke manne a fuskarsa tana lalacewa, kuma ruwan yana da iyakar zafin da in ya wuce ta yake daina aiki. Gilasai na gama-gari da yawa daga digiri 0 zuwa 50 aka yi su. Masu jure wahala su ne na ƙasa da sifili da 20 zuwa 70. In na'urarka ta zama a waje ce, tun wajen saye ka nemi na biyun.

Mataki na uku: wutar da ke shiga

Gilashi mai layi 64 yana son kamar bolt 9, alhali katin 3.3 yake ba shi, sai aisi ya ninka wutar da ƙananan kondansatoci. Wannan wuta ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya. Auna wannan wutar da aka ninka, wadda ake kira V0, da farin hoto, ka sake aunawa da hoton dara. In ta faɗi da fiye da kashi 1 cikin 100, tokarka za ta riƙa canzawa gwargwadon abin da aka rubuta a gilashi, kuma babu lissafin da zai gyara wannan. Canza kondansatocin. Ka nemi irin X7R, waɗanda ba sa kaucewa fiye da kashi 15 cikin 100 duk faɗin zafin aikinsu. Irin Y5V suna iya rasa fiye da rabin ƙarfinsu idan zafi ya yi yawa, ba su da wurin zama a na'urar da za ta yi bazara a Damagaram. Fitilar baya kuma a ja mata wayarta daban, musamman in ana rage haskenta ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri.

Mataki na huɗu: tsanin rabon wuta

Daga V0 ake yanko sauran matakan wuta, V1 zuwa V4. Rabon da ya fi dacewa shi ne ɗaya bisa tushen adadin layuka da ƙarin ɗaya. Layi 64, ɗaya bisa 9. Layi 48 na Nokia, ɗaya bisa 8. Layi 16 na gilashin rubutu mai HD44780, ɗaya bisa 5. Duba furogiram ɗinka ka tabbatar ba a zaɓi wani rabo daban ba. A ST7565 umarni guda ne ke raba ɗaya bisa 9 da ɗaya bisa 7, kuma kuskure a nan yana ƙara ƙuntata milibolt 270 ɗin nan da dama ba su da yawa.

A rabon ɗaya bisa 9, in V0 bolt 9 ce, ya kamata ka ga 8, 7, 2 da 1. Abin lura ba lambobin kansu ba ne, tazara huɗu ce: daga V0 zuwa V1, daga V1 zuwa V2, daga V3 zuwa V4, daga V4 zuwa ƙasa. Dole su zama ɗaya. Auna kowace tazara kai tsaye, waya ɗaya a kan V0 ɗaya a kan V1, a ma'aunin bolt 2, don ka ga milibolt. In tsanin na rezistans ne a waje, cire masu zoben zinariya na kashi 5 cikin 100, ka zaɓo huɗu daga cikin na kashi 1 waɗanda multimita ta nuna sun fi kusa da juna. Bambancin milibolt 20 tsakanin tazarar sama da ta ƙasa ya isa ya jawo inuwa.

Kafin ka wuce, in gilashin yana haɗe da kati ta robar nan mai zane-zane da ake matsewa tsakani, ciro ta ka goge ta da bakin gilashin da na katin da alkol, ka mayar ka matse ƙarfen daidai ta kowane gefe. Ƙurar hunturu tana shiga wurin, ta ƙara wa wasu layuka tirjiya, su fi ƴan uwansu koɗewa.

Mataki na biyar: juyin wuta

Ruwan LCD ba ya son wuta mai tafiya gefe guda. In ta daɗe a kansa, ƙazantar da ke cikinsa mai ɗauke da caji tana taruwa a bango ɗaya, hoto ya riƙa barin tabo, toka ta kauce. Shi ya sa ake juya fuskar wutar a kai a kai. Sa multimita a DC tsakanin layin kwance ɗaya da na tsaye ɗaya. Masu ƙera gilashi galibi suna neman kada abin ya wuce milibolt 50.

Amma akwai abu na biyu da ya fi wannan ɓuya. In sau ɗaya ake juya wuta a kowane zagaye, wato bin layukan kwance duka sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, layin tsayen da duk ɗigonsa fari ne yana zaune lafiya ba ya motsi, na kusa da shi da rubutu ya ratsa kuwa yana hawa yana sauka sau da yawa. Layukan gilashi suna da tirjiya, ɗigo kuma ƙaramar kondansata ce, don haka kowane hawa da sauka yana cin ɗan lokaci kafin wuta ta kai inda aka aike ta. Layin da ya fi motsi ya fi asara. Wannan ita ce inuwar da kake gani sama da ƙasan baƙin akwati.

Maganin shi ne a juya wuta bayan kowane ƴan layuka, don duk layukan tsaye su yi motsi kusan iri ɗaya. Aisi da yawa suna da wannan zaɓi, sai dai zaɓen lambar yana son hankali. Da layi 64, in ka ce a juya bayan kowane 16, juyi huɗu ne cif a zagaye, kowane layi zai riƙa samun fuska ɗaya har abada, ka jawo DC ɗin da kake gudu. Da layi 65, in ka zaɓi 13, juyin zai riƙa faɗawa a kan layuka ɗaya kullum, ka ga ratsi a kwance. Ƙa'idar ita ce ninki biyu na lambar da ka zaɓa kada ta haɗa wani abin rabawa da adadin layuka: 65 da 22 ba su haɗa komai ba, don haka 11 ta yi. In adadin layukan mai rabuwa biyu ne, zaɓi mara rabuwa kamar 13, ka kuma kunna zaɓin da ke ƙara juya wuta a farkon kowane zagaye. Gwada lambobi biyu ko uku da hoton akwati, ka ɗauki wadda inuwarta ta fi dushewa.

Mataki na shida: hanyar da ake samar da tokar

Hanyoyi uku ne sanannu, kowace da irin kuskurenta.

Ta farko FRC: a kunna ɗigo a wasu zagaye, a kashe shi a wasu. Zagaye huɗu suna ba da baƙi, fari da toka uku. Laifinta rawa. In gilashi yana zagaye 70 a sakan, ɗigon da ake kunnawa sau ɗaya cikin huɗu yana bugawa sau 17.5 a sakan, ido kuwa yana kama wannan. A sanyi ruwan yana da kauri, yana haɗiye rawar. Da zafi ya tsinke sai ya fara bin kowane zagaye. Saboda haka a wurinmu gwajin rawa da rana tsaka ake yin sa. Don rage ta, ƙara saurin zagaye in aisi ya yarda. Rarraba kunnawar: rabin toka ya zama kunna, kashe, kunna, kashe, maimakon biyu a jere. Sannan ɗigo huɗu maƙwabta kada su fara tare, kowanne ya fara a zagaye daban, ta yadda a kowane lokaci jimillar haskensu ɗaya ce. In kai ne kake yin FRC da furogiram a kan gilashin baƙi da fari, ka ɗaure musayar hoto da siginar zagayen aisi, wadda wasu ke fitarwa a ƙafar FR. In ba haka ba, za ka ga ratsi yana tafiya a hankali daga sama zuwa ƙasa.

Ta biyu PWM: a raba lokacin layi guda, wani ɓangare a kunne wani a kashe. Ba ta rawa, amma lokacin ya yi kaɗan. Zagaye 70 sau layi 65 yana ba kowane layi maikrosakan 220. Raba shi 15, kowane yanki bai kai 15 ba. A layi 240 yankin ya koma maikrosakan 4. Ɗauki misalin layi mai tirjiyar kilo-om 10 da nauyin fikofarad 200: jinkirinsa maikrosakan 2 ne, rabin yankin ke nan. Matakan da ke dab da baƙi da dab da fari, masu siririn bugu, su ne ke fara ɓacewa, kuma ɗigon da ke nesa da aisi sun fi shan wahala. Ga dabara mai kyau in kai ne ke sarrafa siginar: a layi na farko fara da kunnawa ka ƙare da kashewa, a na biyu fara da kashewa ka ƙare da kunnawa. Ƙarshen wannan ya haɗe da farkon wancan, hawa da sauka ya ragu da rabi. A ganina, ga matakai 16, haɗa hanyoyin biyu ya fi kowace ita kaɗai: zagaye kaɗan na FRC, yankuna kaɗan masu faɗi na PWM.

Ta uku ita ce canza tsawon wutar kanta. Mai koyo yakan ce, in wutar layin tsaye, mu kira ta D, tana kunnawa, kishiyarta tana kashewa, bari in sa 0.6 na D in sami toka. Ɗigon da ka nufa zai yi toka, amma duk sauran ɗigon wannan layin tsaye sun sha 0.36 maimakon 1 a wannan lokaci, tunda ninki da kai suke ji, sai su kauce. T. N. Ruckmongathan na cibiyar bincike ta Raman da ke Bangalore a Indiya ya nuna mafita: a raba lokacin biyu. Cire 0.36 daga 1, saura 0.64, tushensa 0.8. A rabin farko aika 0.6 da ƙarin 0.8, wato 1.4. A rabi na biyu aika 0.6 ban da 0.8, wato 0.2 ta kishiyar fuska. Matsakaicinsu 0.6 ne, ɗigonka ya sami tokarsa. Ninka kowanne da kansa, 1.96 da 0.04, jimla 2 cif, daidai da abin da maƙwabta za su sha da baƙi ko fari aka aika. Lissafi ne mai daɗi ƙwarai, sai dai yana buƙatar aisi mai fitar da matakan wuta da yawa.

Idan TFT ne

Fara da abin da ba ya buƙatar dalma. Masu sa wa tele katin gama-gari sukan ga fuska ta koma kamar an shafa mata fenti. Sau da yawa tsarin LVDS, hanyar da hoto ke bi daga kati zuwa gilashi, shi ne bai dace ba. A tsarin VESA manyan bit biyu na kowane launi suna bin tagwayen waya na huɗu, a JEIDA ƙananan biyu ne ke bi ta nan. Shiga menun sabis ka canza, ka kuma duba ko gilashin mai bit 6 ne ko 8. In ta HDMI hoton ke zuwa, tabbatar na'urorin biyu sun yarda a kan ma'auni ɗaya, ko 0 zuwa 255 ko 16 zuwa 235. In sun saɓa, ko dai baƙi ya koɗe ko matakan gefe su haɗe.

Daga nan sai katin T-CON, wanda ke karɓar hoto yana rarraba shi ga layukan gilashi. Akwai wuraren awo da aka rubuta wa GM ko VGMA, galibi 10, 14 ko 18. Auna su a jere. Dole su riƙa sauka daga kusa da AVDD, babbar wutar da ake yanko su daga ita, zuwa kusa da sifili, babu wanda zai fi wanda ya gabace shi, kuma rabin sama da rabin ƙasa su yi kusan madubin juna. In biyu sun yi daidai, ko ɗaya ya yi tsalle, duba rezistans ɗin wurin, sannan aisin da ke riƙe su. A katuna da yawa AS15 ne, kuma masu gyara sun saba canza shi idan hoto ya koma kamar nagatif.

Sai VCOM, wutar ɗaya gefen ruwan da duk ɗigo suka yi tarayya a kanta. Duk lokacin da taransistar ɗigo ta rufe, faɗuwar wutar ƙofarta tana jan wutar ɗigon ƙasa kaɗan. Misali, in ƙofa ta faɗi da bolt 25 kuma kashi ɗaya cikin 50 ya tsallaka, rabin bolt ke nan. Don haka ake ajiye VCOM ƙasa kaɗan da tsakiya. In ta kauce, zagayen da wuta ke sama da wanda take ƙasa ba sa ba da haske ɗaya, gilashi ya yi rawa a rabin saurinsa, 30 a sakan ga mai 60. A hoto na yau da kullum ba ka gani, don maƙwabtan ɗigo suna soke wa juna. Sa hoton dara na toka ta tsakiya da baƙi, ɗigo bayan ɗigo, a ainihin girman gilashin. In bai nuna rawa ba gwada layi bayan layi, tunda ya danganta da tsarin juyin gilashin. Yi wa ƙaramar rezistans mai juyawa alama inda take, ka murɗa ta a hankali da sukudireban roba har rawa ta kwanta a tsakiyar gilashi. Gefe ba zai kwanta gaba ɗaya ba, domin siginar ƙofa tana laushi kafin ta kai ɗaya ƙarshen. Kallo da wutsiyar ido ya fi kama rawa, BPW34 da osiloskop kuma sun fi duka. A sababbin katuna babu abin murɗawa, lambar tana cikin aisi. Karanta ta asali ka adana kafin ka rubuta wata.

Mataki na ƙarshe: teburin lambobi

Yanzu ne lokacin furogiram. Auna hasken kowace lamba da aisi ke iya bayarwa. A TFT abin da ake nema gamma 2.2 ne, wato ƙa'idar yadda haske ke hawa da lamba daga 0 zuwa 255: lamba 64 ta ba da kamar kashi 5 cikin 100 na hasken fari, 128 ta ba da 22, 192 ta ba da 54. Ga kowane matakin da kake so, zaɓi lambar da awonta ya fi kusa, ka tabbatar babu matakin da ya fi wanda ke biye da shi haske.

A STN, inda baƙin ma ba baƙi ƙirin ba ne, na fi son a raba da ninki. In baƙi ya ba da 20, fari ya ba da 160, matakai huɗu su zama 20, 40, 80, 160. Za ka tarar lambobin da ke ba da haka sun cunkushe a tsakiya, domin a nan ne ruwan ke juyawa da sauri. Shi ya sa in kana son matakai 16 masu kyau, sai aisi yana da 32 ko fiye da za ka zaɓa daga ciki. In 16 kawai yake da su, ka haƙura da 8 da ido zai iya bambantawa.

Duk awon nan ka yi shi ta kusurwar da mai na'ura zai riƙa kallo. Gilashin STN ana ƙera shi ne ko don kallo daga ƙasa, wanda takarda ke kira ƙarfe 6, ko daga sama, ƙarfe 12, kuma injin da za a kafa a bango sama da kai ba a auna shi a kwance kan tebur. Bayan ka gama, sake bin hotuna huɗun da asuba da kuma azahar, ka rubuta V0, rabon tsani, lambar juyi, VCOM da zafin da ka yi awo a guntuwar takarda, ka liƙa ta a cikin murfin na'urar.